Saniya Ɗaya Ta Isa

Muna shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero muka fara haɗa wasan waya, ni da abokina, Bafillace ɗan Kuberi ta ƙasar Maiyama. Wasan kiwo ne: ka kora shanu mashaya, ka kauce wa gonakin albasa, ka maido su ruga. Ni ke rubuta manhajar, shi ke cika fayil ɗin da wasan ke karanta kamannin kowace dabba da halinta.

Ran da na buɗe fayil ɗin nan sai da na dafe kai. Bawan Allah ya bi garken mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Ga mai karyayyen ƙaho, ga mai tsoron babur, ga wata ja da ba ta shan ruwa sai kowa ya gama. Kuma kowace sai ya sake rubuta mata ƙafa huɗu da wutsiya, kamar wani ya yi musu.

Na ce, "Haba Fillo! Mi aka koya muna a aji? Abu guda, a rubuta shi wuri guda. Ka yi saniya ɗaya, saura su gaje ta."

Ya ce, "Wannan doka ta manhajarka ce, Kaɗo. Nan ruga ce. Kai da ba ka san saniya ba sai a tukunya."

Muka yi ta wannan gardama har muka gama karatu. Ni dai har gobe ina ganin da gaskiyata, don in za a rage wa shanu gudu sai an bi su duka, aikin wahala. Na koma Jega ina gyaran waya a bakin kasuwa, wasan kuwa muna lallaɓa shi ranakun Juma'a in ya shigo gari.

Sai ɓarayin daji suka shiga rugarsu suka kore garken kaf. An bi sawu, an yi cigiya, an gaji. Mahaifinsa ya daina fita ko ƙofar bukka.

Da abokin nawa ya sake zuwa shagona ya rame, ko tsokanata bai yi ba. Na buɗe masa wasan don ya ɗan sake. Jar nan ta tsaya gefen mashaya tana jira kowa ya gama. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kife wayar a kan tebur.

Ya ce, "Ka haɗe su yadda ka ce. Saniya ɗaya ta isa."

Wallahi ban taɓa cin gardamar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Na ce ya bari sai Juma'a mai zuwa mu yi tare.

Ya ce, "Ba ni nan. Na samu gadi a kudu."