Balbelun Bayan Aji Biyu

Shekarata ta biyu da fara koyarwa, ina riƙe da aji biyu a wata makarantar kuɗi a unguwar Galtimari da ke Maiduguri. Daga kudancin Borno na zo, yara suna kirana Anti. Mai makarantar wani Alhaji ne dillalin shanu, ba ya leƙo mu sai ya ga dama.

A zangon damina darasin kimiyya ya kawo mu kan yadda masu rai ke sauya wurin da suke zaune. Na ga bai kamata in tsaya ina zane a allo ba, alhali ga ƙaton itacen dogon yaro a bayan ajinmu, balbelu sun cika shi da sheƙa. Na kwashi yaran muka fita.

"Ku dubi ƙasa. Me kuka gani?"

"Fari fat, Anti!"

"Ina ciyawar da ke nan da?"

Suka dudduba, babu. Kashin tsuntsayen ya ƙone ta. Na nuna musu tsinkayen da balbelun ke ɗebowa daga nesa, da can gefe inda ruwa ya wanke kashin, ciyawa ta yi kore shar fiye da ko'ina. Suka toshe hanci suna dariya.

Akwai wata yarinya da iyayenta suka taso daga wajen Zabarmari lokacin da zuwa gona ya gagara saboda rashin tsaro. Ba ta cika magana ba, don 'yan ajin suna kwaikwayon Hausarta mai karin Barbarci. Ranar nan sai ta ja min zane.

"Anti, a gonar shinkafarmu ma suna nan. Bayanmu suke bi, suna cin fara."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Na sa aka tafa mata.

'Yar autar Alhaji ma a ajina take. Ta je gida ta ba da labari da murnarta: tsuntsaye sun kashe ciyawa, wuri yana wari. Da safiyar Litinin muna tsakiyar karatu sai ga motarsa, da wasu maza uku riƙe da dogayen gorori. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, fito da su. Kin koya musu tsuntsu na ɓata wuri, to su zo su ga maganinsa."

"Alhaji, ba haka na koya musu ba. Kuma akwai 'ya'ya a sheƙun nan. A bari su tashi mana, ai ba za su daɗe ba."

"Da kuɗinki aka sayi filin?"

Shugabar makaranta tana bayansa, ta yi min ido. Ita ce ta jera yaran da kanta.

Mazan suka fara zungura. Ƙwai suka riƙa faɗowa suna fashewa, sai kuma 'yan tsakin, jajaye, wasu gashi bai ko tsiro musu ba. Suna faɗuwa suna buɗe baki. Iyayen suka tashi sama suna kewaya bishiyar da kuka, su sauko, gora ta kore su. Yaran suka tsaya suna kallo. Wani ƙarami ya fara hawaye.

Alhaji ya yi dariya. "Kai, kukan me? Duk wanda ya fi tara min su, kwalin biskit nasa ne."

Nan wuri ya rikice. Yaran da na sani, masu raba min gyaɗarsu lokacin tara, suka ruga suna wawa. Suna ɗauka ta ƙafa, ta fiffike, suna jefawa cikin tsibi. Ɗan tsakon da ya motsa a take shi da takalmi. Ina riƙo wannan, wancan ya kuɓuce. Muryata ta dishe, ba mai jina.

Yarinyar nan ba ta shiga ba. Ta tsaya jikin bango, hannunta ɗaya a cikin hijabi. Wata a cikinsu ta hango.

"Baba Alhaji, ta ɓoye ɗaya!"

Ya yafito ta. Ta zo. Na shiga tsakaninsu na ce, "Alhaji, don Allah a bar mata wannan, ni zan tafi da shi." Ko kallona bai yi ba.

"Fito da shi. Ku dama haka kuke, ku da balbelun nan. Ku sauka inda ba a kira ku ba, ku ɓata wa mutane wuri."

Ta fito da shi a tafin hannunta, yana numfashi. Ya ce ta jefa a tsibin da kanta. Ta ƙi. Shugabar makaranta ta kama wuyan hannunta ta karkaɗe. Aka zuba kananzir, aka ƙyasta ashana. Ya sa aka raba biskit ɗin a wurin, hayaƙi na shiga musu ido suna ci.

Daga ranar sunanta ya koma Balbela. Idan ta shigo aji sai su toshe hanci. Na yi faɗa, na yi horo, na kai ƙara ofis, aka ce min wasan yara ne. Ta daina cin abinci lokacin tara, daga baya ta daina zuwa.

Bayan kwanaki mahaifiyarta ta zo karɓar jakarta da ta bari. Na gaishe ta da Barbarci, na ce mata wushe, ta amsa, muka tsaya a baranda. Na roƙe ta ta dawo da yarinyar, zan zaunar da ita kusa da ni.

Ta girgiza kai. Ta ce ta kai ta wurin yayarta a Tsohon Maiduguri, can za ta riƙa taya ta sayar da ƙosai.

"Ko rigar makarantar ta gani sai ta yi amai," in ji ta. "Malama, me kuka nuna mata ne?"

Na buɗe baki zan yi bayani, aka kaɗa ƙararrawar shiga aji. Ta saɓa jakar ta tafi.