Gwaggo Filomena da Sunan Tarlamonte

Jama'a, a gyara zama! Masu hula su cire, masu tauna su haɗiye. Ga Filomena Tarlamonte ta garin Serracava a kudancin Italiya, sarauniyar tattasai, mai allura ɗaya zare dubu, wadda ta taɓa korar mai duba kasuwa da tsintsiya har ya bar takalminsa guda, jikar basarake... to, wannan na ƙarshen akwai sauran magana a kansa, ku bari mu isa wurin. Shekarunta sittin da takwas. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, alhali ni Egidio, ɗan maƙwabciyarta, ba a taɓa zargina da tsawo ba. Duk garin Gwaggo muke ce mata, har Fada a coci.

Ba ta taɓa aure ba. Mutum biyu sun nema. Na farko ta ce yana hura miya kamar zai kashe gobara, na biyu kuma bai jira ya ji nasa laifin ba. Sana'arta tattasai. Da watan Agusta ya kama za ka gan ta a ƙofar gida da allura da zare, tana huda shi ta wutsiya tana jerawa, ta rataye a baranda har gidan ya zama ja tun daga sama. In ya bushe ta kai kasuwar Asabar. Wanda ya taɓa bai saya ba, ya sha kallo.

Bayan tattasai, abin alfaharinta suna ne. Tarlamonte ba irin sunan da ake tuntuɓe da shi a kowane gari ba ne. Mahaifinta, marigayi Canio, duk garin da ya je sai ya shiga mashaya ya ari littafin lambobin tarho ya duba, kuma bai taɓa samun ko guda ba sai nasa. An taɓa aiko musu wasiƙa daga Ajantina babu sunan titi, babu lambar gida, kuma ta iso. Lokacin da suka fi yawa a duniya su goma sha ɗaya ne. Asalin kuwa, in ji Canio, wani basarake ne da maƙiya suka ƙwace masa gida da gonaki, ɗansa Rocco, wato mahaifin Canio, ya tsira yana jariri. Shaidar ita ce rabin wata lambar tagulla mai igiya, wadda Filomena ke ajiye cikin aljihun tebur tare da takardar gida.

Ƙanenta shi ya ci sunan wannan kakan, kamar yadda kowane ɗan fari namiji ke cin sunan uban ubansa. Rocco kyakkyawa ne, kuma ya san da haka. Ya yi shekara biyar a birnin Torino can arewa yana aiki a masana'antar motoci, ya dawo da rigar fata da ƙamshin turare. Bayan dawowarsa wasiƙu suka riƙa biyo shi da rubutun hannun mata, Filomena tana jefa su a murhu ba tare da ta buɗe ba. Daga baya ya nutsu, ya yi aure, aka haifi Ilenia. Yarinyar na da shekara huɗu motarsu ta faɗa kwazazzabo a hanyar dutse, shi da matarsa duka suka tafi. Filomena ta ɗauki Ilenia, ta raine ta da kuɗin tattasai har ta zama ma'aikaciyar jinya. Aiki kuma ya kai ta Torino. Tarlamonte suka rage su biyu.

Sai a watan Yunin bara Ilenia ta zo da saurayi, wani dogo mai gyaran wutar lantarki, mai kunya, sunansa Gaspare. Filomena ta tashi tun asuba ta naɗe taliya a jikin siririn ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ta yi miyar naman alade. Suna kan tebur Ilenia ta fara dariya tun kafin ta yi magana.

"Gwaggo, kin san yadda muka haɗu? Ya faɗo daga tsani aka kawo shi da karyayyen hannu. Na ɗauki katinsa, sai na ga sunana! Na ce masa, malam, a ina ka sato wannan?"

"Wane sunan?"

"Tarlamonte mana! Gaspare Tarlamonte. Ko a ƙofar gida ba sai mun sake rubutu ba."

Filomena ta tsaya da ludayi a sama. "Ɗan nan, yaya sunan babanka?"

"Rocco, Gwaggo. Amma ban san shi ba. Ya tafi ina rarrafe, bai sake waiwayo ba. Mama ta yayyaga hotunansa duka, ita ma ta rasu ina aji uku. Kakata ta wajen uwa ce ta riƙe ni."

"Ni ma sunan babana ke nan!" in ji Ilenia tana tafa hannu. "Rocco dai ya yi yawa a kudu."

"A wace shekara aka haife ka?"

Ya faɗa. Filomena ba ta buƙaci yatsu ba. Shekarar tana tsakiyar shekaru biyar ɗin nan na Torino. Ta ajiye ludayin a hankali, ta ce bari ta duba tukunya, ta shiga kicin ta dafa bango.

Rocco ya yi yawa a kudu, gaskiya ne. Amma Rocco Tarlamonte guda nawa ne Allah ya yi? In har zarginta ya tabbata, yarinyar da ta raina za ta auri ɗan ubanta. In ta faɗa kuma ya zama ba haka ba ne, ta ɓata sunan mamaci a idon 'yarsa, ta sa wa yaran ƙyama a zuciya wadda babu sabulun da zai wanke. An kuma riga an tsayar da biki a ƙarshen Satumba.

Sai ta zaɓi hanyar da ta fi iyawa, wato rigima. Ta ce Satumba akwai ruwa. Ta ce Fada ya tsufa, a jira sabo. Ta ce mutumin da zai faɗo daga tsani ba abin dogaro ba ne.

"Gwaggo, ki gaya min gaskiya, me ya yi miki?" Ilenia ta tambaye ta a waya.

"Ba ya cin yaji."

"Ya ci faranti biyu a gabanki!"

"Yana ci yana hawaye. Wannan ba ci ba ne."

"Da ke ko babu ke za a yi bikin nan, Gwaggo. Amma na fi so da ke."

Ilenia ta kashe wayar. Tun yarinyar tana shekara huɗu ba ta taɓa kashe mata waya ba.

Filomena ta rame. Kullum da safe tana maƙabarta da bokitin ruwa, tana tsaye gaban hoton ƙanenta da ke manne a jikin dutsen kabari, tana auna kunnuwansa da na Gaspare. Yau ta ga sun yi kama, gobe ta ga ba su yi ba. Mai sharar wurin ya rantse ya ji tana cewa, "Rocco, in kai ka yi wannan aikin, ka ji daɗi ka mutu, don da ni zan ƙarasa ka."

Can wata dabara ta zo mata. Basarake ai ba ya haihuwar ɗa ɗaya. Wataƙila akwai wani reshe na gidan da ya ɓace tun da, wanda littafin tarho bai sani ba. Ranar wata Talata a farkon Agusta ta bar tattasai a kwando, abin da ba ta taɓa yi ba, ta gaya wa mahaifiyata za ta ga likitan gwiwa, ta hau motar safe zuwa Potenza, babban birnin yankinmu, da rabin lambar a jaka.

A gidan adana tsofaffin takardu ta sami wata ma'aikaciya mai tabarau a saman goshi, Malama Teodora.

"Ina neman wani basarake," in ji Filomena. "Tarlamonte."

"Kowa basarake yake nema a nan, Mama. Ban taɓa ganin wanda ya zo neman makiyayi ba. Wa kika sani mafi tsufa?"

"Kakana Rocco. Shekarar dubu da ɗari takwas da casa'in da uku."

Malama Teodora ta duba wancan littafin, ta rufe. Ta duba wani, ta ɗaga gira. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da wani ƙaton littafi mai warin rima, ta ce, "Zauna tukuna."

Littafin gidan marayu ne. A jikin bangon gidan a wancan zamanin akwai wani akwatin katako mai juyawa. Uwar da ba ta da halin riƙe jariri sai ta sa shi ta waje, ta juya akwatin ya koma ciki, ta kaɗa ƙararrawa ta tafi, babu wanda ya ga fuskarta. Wasu sukan raba lamba biyu, su ɗaura wa yaron rabi su riƙe rabi, ko wata rana Allah zai ba su ikon dawowa.

"Ga shi," in ji Malama Teodora, yatsanta a kan layi. "Namiji, sha shida ga Agusta, ranar Waliyyi Rocco, shi ya sa aka sa masa Rocco. An same shi da rabin lambar tagulla a wuya. An ba wata mai shayarwa a Serracava. Sunan gida kuwa magatakarda ne ya ƙirƙiro daga kansa. Yi haƙuri, Mama. Babu basarake."

Babu basarake, babu reshe. Filomena ta fara tattara jakarta.

"Magatakardan nan ma malalaci ne," ma'aikaciyar ta ci gaba tana murmushi. "Suna ɗaya yake ƙirƙira a wata, duk wanda aka jefo ya samu. Dubi nan. Wata yarinya Tarlamonte, ba ta yi rai ba. Ga kuma wani namiji, kwana biyu bayan naku, ana cikin shagalin waliyyin, shi ma Rocco."

"Me kika ce?"

"Rocco Tarlamonte na biyu. An kai shi wani ƙauye can bayan kogi."

"Ɗan'uwan kakana ne?"

"Ina fa! Uwa daban, uba daban. Akwati kawai suka haɗa."

"Ya rayu? Ya haihu? Duba min, 'yar nan, don girman Allah duba min!"

Aka sake ɗauko littattafai biyu. Ya rayu, ya yi aure, ya haifi ɗa namiji guda, wanda aka rubuta a gefen takardarsa cewa ya ƙaura Torino bayan yaƙin duniya na biyu.

"Sunansa?"

"Gaspare."

Filomena ta zame a kan kujera. Gaspare ɗan Rocco, ya haifi Rocco, shi kuma ya haifi Gaspare. Ashe tun wata biyu da suka wuce amsar ta zauna a teburinta tana cin taliya. Ƙanenta, duk iskancinsa, da ya haifi namiji ya kuma ba shi sunan gida, sunan ubansa Canio zai sa wa yaron, ko da an ɗora masa wuƙa a wuya. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bi, har mutanen da ke karatu a ɗakin suka ɗago.

"Na ce ki yi haƙuri da batun basaraken," in ji Malama Teodora a rikice.

"Basarake? Ya je ya nemi danginsa! Ba ni ruwa in sha."

Yaran sun zo bikin Waliyyi Rocco mako biyu bayan haka, Ilenia fuska a ɗaure. Filomena ta tare su a ƙofa da allura a hannu.

"Kai, dogo. Wa ya raɗa maka suna?"

"Babana ne, Gwaggo. Kakata ta ce sai da aka yi faɗa. Mama na son wani suna na zamani, shi ya kafe sai sunan ubansa. Shi ne kaɗai abin da ya bar min."

"Ya bar maka abin kirki. Sunkuyo."

Ya sunkuya a tsorace, yana jiran mari. Ta sumbace shi a kumatu biyu, ta ja kunnensa, ta dube shi da kyau ta ce, "Ko kaɗan ba su yi kama ba." Ba wanda ya gane. Ranar sai da ya ci faranti uku, tana tsaye a kansa tana cewa yaron nan ya iya cin yaji. Da takardun aure suka iso daga Torino, ta karɓi cikakkiyar takardar haihuwarsa ta karanta da kanta. Uban haifaffen Torino ne, ƙanenta ya girme shi da shekara biyu. Ta naɗe ta miƙa, kamar wadda ba ta taɓa shakka ba.

An yi biki a Satumba, ruwa bai sauka ba. Sai bayan an watse ta ba Ilenia labari, Ilenia ta yi kuka ta yi dariya, ta gaya wa mahaifiyata a asirce, kafin Lahadi har mai sharar maƙabarta ya sani. Rabin lambar ya fita daga aljihun tebur. Yanzu yana wuyan Filomena. Ta ce wata mata ce ta yanka shi da niyyar dawowa, kuma wannan ya fi mata basarake goma.

A Agustan bana aka haifi Tarlamonte na huɗu a duniya, mace, don haka an huta da Rocco na ɗan lokaci. Ni kuwa da na gama rubuta wannan tarihi a bayan takardun neman aikin da ban cike ba, sai na same ta a ƙofar gida na karanta mata shi tsaye, tun daga masu hula su cire. Na ce, "Gwaggo, kin ga na shigar da ke tarihi. Daga yau duk Italiya za ta san Tarlamonte."

Ba ta ɗago ba. Ta huda wani tattasai, ta ja zare.

"Ka gama? To matsa gefe, kana tare wa tattasai rana."