Injin Modu da na ɓoye a ƙarƙashin gado

Shekara tara ke nan da rasuwar ɗana Modu. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, to ku karɓa yadda ya fito daga bakin tsohuwa.

Daga Borno muka taho da ƙafa, lokacin da masu bindiga suka shiga garinmu. Modu kafinta ne. Ya bar takalminsa a baya, amma bai bar zartonsa ba. Muka zauna a sansanin Malkohi yana gyara wa mutane benci, har ya samu rumfa a unguwar Damilu, ya sayi injin yanka katako na hannu, mai aiki da lantarki. Aikin yini guda, injin kan gama shi kafin shayi ya huce. Sai dai garinmu babu lantarki, Modu bai taso ya san halinta ba. Zarton da ya sani, in ka tsaya ya tsaya.

Ranar Juma'a ce. Yana cikin yanka aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru. Bai kashe shi ba, bai zare wayar daga bango ba. Murfin bakin injin kuwa tuni ya cire, wai yana hana shi ganin layi. Ya sa babbar riga zai tafi masallaci, sai ya zauna, ya ɗora injin a cinya don ya cire guntun katakon da ya maƙale. Aka kawo wuta.

Yohanna mai walda, maƙwabcinsa, shi ya sa shi a keke mai ƙafa uku. Kafin su kai asibiti jini ya ƙare.

Na naɗe injin a tsohon zani na tura ƙarƙashin gado. Ban sayar ba, ban kyautar ba.

Da Modu zai leƙo layinsu na kafintoci yau, da ya ga masu tabarau a fuska, masu ƙananan riguna matsattsu. Na san dariya zai yi, ya ce kafintoci sun koma 'yan ƙwallo. Ɗaya daga cikinsu ɗansa ne, Bukar, ya gama koyon aikin a unguwar Bekaji, yana son buɗe rumfar ubansa. Watan jiya ya zo ya durƙusa.

"Kaka, ki ba ni injin Baba."

Na ce, "Maigidana, da gemun nan naka guda uku? Wanda ya cinye mini ɗa zan miƙa wa jika?"

"In kin hana ni, na wani zan ara. Shi ma haƙora gare shi."

Na kai wa Yohanna injin, ya mayar masa da murfi. Ya ce, "Mama, zan sa ido." Na ce idona ma bai mutu ba.

Ranar da Bukar ya buɗe rumfar, na je na zauna a kan benci. Wajen azahar aka ɗauke wuta. Duk layin aka yi tsaki. Bukar ya ajiye injin, ya nufi randa. Na riƙe bakina, ina jan carbi. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya dawo, ya kashe, ya zare wayar ya rataye a ƙusa.

Bencinan Modu an ce har yanzu ana zama a kansu a Malkohi. Ni dai abin da na ga ya bari shi ne wayar nan a ƙusa. Allah Ya jiƙansa. Na ɗauki sandata na tafi gida.