Bijimin da Na Ce Lafiyarsa Ƙalau

Sakkwato

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na nufi tasha da kular ƙanƙara. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, kuskurena kuma zan je gyarawa.

Baffa Buba makiyayi ya sayi bijimi a Goronyo, na gwada majinar bijimin, na ba Baffa takarda cewa babu ciwon huhu. Sai jiya na gano inda aka yi tuntuɓe. Na'urarmu kwafar wani yanki na DNA ɗin ƙwayar cutar take yi, har ya yi yawan da za a gani. Shi kuwa yankin yakan naɗe ya ƙulle kamar zare, na'urar ta kasa bi. Da na sake gwajin da sinadarin da ke warware ƙullin, ga cuta ɓaro-ɓaro. Wayar Baffa ba ta shiga. In ya saki bijimin cikin garke, shanunsa sun shiga uku.

Marnona

Ƙarfe bakwai muka wuce shingen jami'an tsaro. Direba ya ce, "Hajiya, mi kika rungume haka kamar jinjiri?"

Na ce, "Malam, taka mota kawai."

Goronyo

Ƙarfe tara ina kara, kasuwar shanu, ina cigiyar su Baffa. Wani dillali ya ce, "Sun tashi shekaranjiya, suna wajen Rara." Na san mai ƙaura ba ya ware dabba. Ko kokon da na saya ban shanye ba, na hau kabu-kabu.

Rara

Da azahar na iske rugar. Muka gaisa, na ce, "Baffa, takardar nan ba daidai ba ce. Laifina ne." Na yi masa bayanin ƙullin.

Ya nuna min wata tsamiya can nesa da garke. Ga bijimin ɗaure shi kaɗai, da kwatarnin ruwansa daban.

"Tun randa munka sawo shi nika jin tarinai da asuba. Ko da munka taso, baya nis sa aka jawo shi."

"Amma ran da na ba ka takardar, 'to' kawai ka ce min!"

"Ɗiyata, kin sha rana dominmu. Ƙaƙa zan ce miki kin yi kure?"

Daɗi da kunya suka kama ni lokaci ɗaya. Na ɗebi majinar sauran shanun, aka cika min kwano da nono.

Da magariba na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Baffa. Takardar tambayoyin da muke cikawa kafin gwaji yanzu tana da sabon layi a sama: me mai dabba ya ji?