Ranar da Tafin Hannuna Ya Koma Rawaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ban ce uffan a nan ba. Masu cigiyata, ga abin da ya faru.

Tun da gyambon ciki ya matsa mini na bar yaji da maiƙo. Abincina ya koma karas da gwanda da faten kabewa, safe da rana da yamma. Ciki ya lafa, na ji daɗi.

Wata rana ina ɗinki a shagona na unguwar Rikoto, wata mai kawo mini aiki ta kama hannuna. "Maman Hauwa, wane irin lalle ne wannan?"

Ban sa lalle ba. Tafin hannuna ne ya yi rawaya, haka ma tafin ƙafa.

Ciwon hanta ne ya ɗauke babana, kuma da rawayar jiki ya fara.

Kwana tara ina ɓoye hannu cikin hijabi, ina kallon 'ya'yana ina kuka a ɓoye. Da maigidana ya gani, cewa ya yi, "Sa takalminki, asibiti za mu."

Aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka gwada fitsari, aka yi hoton ciki. Kwana biyun da na jira sakamako ko ɗinki ban iya yi ba.

Likita ya haska idona, ya ce, "Hajiya, idonki fari tas, hantarki lafiya lau. Me kike ci?"

Na lissafa masa. Ya yi murmushi. "Kina kiwon kaji?"

Na ce ina da goma sha biyu.

"To, ba ki lura ba? Wadda ke cin jar masara da ganye, ƙafarta ta fi rawaya, gwaiduwar ƙwanta ta fi ja. Launin abinci ne ke fita a jiki. Ke ma karas da kabewa ne suka fito miki a tafi."

Dariya na yi, hawaye na zuba.

Da labari ya kai ƙauyenmu Manga, Goggo, yayar babana, ta ce, "Mi ya hana ki tambaye ni? Innarmu ta ce lokacin da Turawa suka shigo ƙasag ga, mutanenmu sun hau dutse suna ta cin kabewa wata da watanni. Hannun yara duk ya yi haka, kuma babu wanda ya mutu."

Na rage karas, na ƙara wake da kifi da tuwon dawa. Cikin wata biyu hannuna ya dawo.

Na gode wa Allah, na gode wa maigidana da ma'aikatan asibiti, da ku masu addu'a.

In kun ga jiki ya canza launi, kada ku ɓoye kamar ni, kada ku sha jiƙo kafin gwaji. In farin ido ya yi rawaya, ku tafi asibiti a ranar. Kuma kome amfanin abinci, a riƙa sauyawa.

Yau na koma kan kekena, ɗinkin biki na jirana.