Gangar da Aka Wanke a Tafkin Kaikai

Shekarar da aka tura ni Kankiya aikin malamin gona, ni na raba wa manoman auduga maganin feshi. A ganguna yake zuwa, da rubutun Turanci a jiki. Na koya masu yadda ake dama shi da yadda ake goya famfon feshi, amma ban ce komai ba kan gangar idan magani ya ƙare. Abin bai ma zo mini a rai ba.

Bayan kaka wani dattijon Bafulatani ya same ni a ofis riƙe da gora cike da ruwa. Daga wajen Kaikai ya tako. Ya ce maruƙansa biyu sun mutu, kuma a tafki ɗaya suka sha.

"Malam, shinshina ka ji," in ji shi. "Ni ban yi boko ba, amma ruwan nan ya sauya."

Ina shinshinawa na gane warin maganina.

Na goya shi a babur muka tafi. Matattun kwaɗi ne birjik a bakin tafkin, ciki sama, ga wani maiƙo yana ƙyalli a kan ruwan. Na ɗebi ruwa a kwalabe daga wuri uku, na ƙunshe laka da ƙasar lambun albasar da ke gangare, wanda ake ba ruwan tafkin. Sannan na tambayi mutanen da suka taru ko wani ya wanke ganga a nan.

Wani tsoho, ɗaya daga cikin manoman audugar, ya matso.

"Ni ne, Malam. Na ga ganga ce mai kyau, na ce a riƙa tara ruwan alwala a masallaci. Sau bakwai na ɗauraye ta don kada ta cuci kowa."

Bafulatanin ya dube shi, ya ce, "Da ka sani ai ba ka yi ba. Allah ya mayar da alheri."

A gaban mai unguwa na ce laifin nawa ne, domin ni na iya karanta abin da ke jikin gangar. Faɗar hakan ta yi mini nauyi ƙwarai.

Muka kewaye tafkin da ƙaya. Tsohon ya buɗe wa makiyaya rijiyar gonarsa, shi da 'ya'yansa ke ja masu guga har ƙarshen rani. Da amsa ta zo daga Zariya, inda na aika da kwalaben da lakar don gwaji, sai aka ce ruwan zai washe, amma laka na riƙe guba shekaru. Da tafkin ya ƙafe muka yi gayya, muka kwashe lakar, muka binne ta a kan tudu. Albasar kuwa aka tuge aka ƙone.

Daga nan duk gangar da ta ƙare sai in karɓe ta in huda da gatari. Mata sun daɗe suna yi mini faɗa, wai ina ɓarnar abin arziki.