Inna Sai-Gobe

Idan sanyi ya sauka a Agadas babu mai gaggawar fitowa. Maza da yawa sun bi ayarin gishiri, daga Bilma sun zarce kudu, gidaje sun yi tsit, ruwan randa ya zama abokin gaba. Amma da zarar hantsi ya haska bangon gidan Tabawa, a lungun da ke bayan babban masallaci, za ka tarar ta shimfiɗa tabarma, ta hura gawayi a kasko, ta jera fatun akuya da basilla da ƙoƙunan rini, ja na karan dafi, baƙi na kuloko. Badukiya ce, wurin kakarta ta gaji sana'ar. Matan unguwa kan zo ɗaya bayan ɗaya, kowace a dunƙule cikin mayafi, wai sun zo taya ta aiki. Wasu dai surutu suke taya ta.

Akwai wani hali nata da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Da bazara babu mai saurin hannunta. Ka kawo zabira da safe, kafin la'asar an yi mata ado har da geza. To amma da sanyi ya shigo sai aikinta ya ƙi ƙarewa. Zane yana gab da haɗuwa za ta soke basilla a jikin fata ta naɗe. Labari ma haka, sai ta kai shi inda kowa ya saki baki, sannan ta karkaɗe zane ta ce, "Sai gobe." Daga nan sunan Inna Sai-Gobe ya bi ta. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce jan rai ne kawai irin na masu sana'a. Wadda ta san gaskiyar al'amarin ita ce Kadidia, don a kanta aka yi.

Kadidia baƙuwa ce, daga Damagaram mijinta Seydou ya kawo ta. A sanyin farko bayan an sauke tutar Faransa, yana can wurin fatauci, jaririyarsu ta fari ta yi kwana biyu tana tari, Allah ya karɓi abinsa. Aka yi gaisuwa aka watse. Kadidia ta shige ɗaki ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta magana, abinci kuwa yadda maƙwabciyarta Habsa ta kawo shi haka za ta ɗauke shi. Habsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo rubutu, duk a banza. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ga yarinyar tana ƙarewa a kwance, ga shi babu danginta ko ɗaya a garin. Sai ta je ta gaya wa Tabawa.

Habsa ta ce ta zaci nasiha tsohuwar za ta yi. Ina! Ta yi sallama, ta zauna bakin gado, ta warware wani matashin kai na fata da ba ta gama ba, ta kama ɗinki kamar a gidanta take. Can ta ce, "Kai, ɗakin nan da duhu shi ke. Ɗiyata, zura mini zaren ga, idona ya ƙi." Alhali a lokacin Tabawa tana iya hango kwarkwata a kan raƙumi. Kadidia ba ta motsa ba. Tsohuwa ba ta damu ba, ta juya wajen Habsa ta ce, "Kin ji abin da ya samu wata mata a Ingall? Tandu ta saya a kasuwa, ɗan ƙarami na kwalli. Ta kai gida ta rataye. Tana cikin daka sai ta ji ana gyaran murya a cikinsa."

Habsa ta ce, "A cikin tandun? Wane ne?"

"Sai gobe," in ji Tabawa. Ta soke basilla, ta ajiye matashin kusa da hannun Kadidia, ta yi tafiyarta.

Kadidia ta ce abin da ta fara ji haushi ne. Ita da ke cikin wannan hali a zo mata da zancen tandu? Amma a karo na farko tun rasuwar, wani tunani daban ya sami wurin raɓawa a zuciyarta. Wane irin mutum ne zai shiga tandu? Kuma in ya shiga, me ya hana shi yin shiru? Ta tsinci yatsunta suna bin zanen da ke jikin fatar, har suka kai inda ya yanke.

Washegari Tabawa ta dawo, amma ta ƙi shiga. Ta zauna a tsakar gida inda rana take, ta ci gaba da ba Habsa labarin da murya ƙasa-ƙasa, yadda na cikin ɗaki zai ji rabi ya rasa rabi. Ba a jima ba sai ga Kadidia a bakin ƙofa, tana dafe da bango, matashin a hannunta. Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta tura mata ƙwaryar kunu da ƙafa ta ce, "Sha tukuna. Hannun da bai ci ba rawa shi kai, ba ni son a ɓata mini fata." Kadidia ta sha. Habsa ta ruga bayan ɗaki ta yi kukanta.

Duk tsawon sanyin nan ana kan tandu. An kai shi wurin malami, an jefa shi rijiya ya dawo, an sayar wa Buzu ya maido shi, amma mai gyaran murya bai bayyana ba. Kadidia kuwa ta koyi yanka, ta koyi rini. Wata rana tana ɗinki aka ji ta tana rera wata 'yar waƙa da ta ƙaga wa ɗiyarta, tana kiran ta baƙuwar da ta zo da sanyi ba ta jira bazara ba. Ranar ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa, matan suka yi mata amshi. Da Seydou ya dawo, matarsa ya tarar da rai, da sana'a a hannu.

Kadidia ta taɓa tambayarta dalilin wannan hali. Tabawa ta ce tana yarinya mijinta ya bi ayari bai dawo ba, ya bar ta da jakar raƙumi da ta fara yi masa. "Rai na Allah ne," in ji ta, "amma jakar ga ce ta riƙa tashe ni da safe. Wanda ya bar aiki a buɗe yana da dalilin ganin gobe."

Inna Tabawa, ke ce kika gane haka tun ba a san sunanki ba. Ke ce mai jan rai don rai ya tsaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ke kuwa kin ɗauki na unguwa guda, ba wanda ya ba ki lambar girma, rediyo bai taɓa faɗin sunanki ba.

A bana, ƙaryar ciwon ido da kika yi wa Kadidia ta zama gaskiya. Yanar ido ta rufe ganin Tabawa, lokotoron asibiti ya ce luneti, wato tabarau, ba zai yi magani ba. Sanyi ya shigo, bango ya yi hantsi, tabarma ba ta fito ba. Tsohuwa ta kwanta ta ce ta gama nata. Kadidia ta shiga da damin siraran fata na kitson geza, aikin da yatsu ke yi ba sai da ido ba, ta kitsa kaɗan ta ɗora mata a cinya. Sannan ta ce, "Inna, na gano mai gyaran murya cikin tandu."

Tabawa ta yi zumbur ta zauna. Ita ta ƙagi labarin, ita kanta ba ta taɓa sanin amsar ba. "Ke! Wane ne?"

"Sai gobe, Inna. A bakin bango."

Mun gode, Inna Tabawa, Allah ya saka miki da alheri, ya sa hasken da kika ba wasu ya tarbe ki. Ku kuma da kuke da maƙwabcin da ya juya fuska bango a sanyin nan, kada ku tsaya a kan "yi haƙuri" kawai, ku kai masa abin da bai ƙare ba. Habsa ta ce washegari tun kafin rana ta kai bangon, tsohuwa tana zaune a kan tabarma da geza a hannu, tana faɗan Kadidia ta makara.